TARAKTAR BABA: Yadda Muka Kusa Sayar Da Gadonmu A Kilo

(Rubutaccen shirinmu na wannan makon, domin waɗanda ba su samu damar saurare ba. A yi karatu lafiya.)

   

Yau ban zo muku da baƙo ba. Labarin gidanmu zan ba ku, kuma sai da na nemi izinin Hajiyarmu da yayyena da ƙannena kafin in zauna a nan, don maganar ta taɓa gado, gado kuwa kun san ba abin wasa ba ne. Maganar tsohuwar taraktar mahaifinmu ce, Allah Ya jiƙansa. Na san da yawa daga cikinku akwai irinta a ƙofar gidanku, tayoyi sun sace, kaji na ƙwai a ƙarƙashinta, kowa ya wuce ya ce "ai ta Baba ce". To ku matso kusa, da ku nake.

Tamu Massey Ferguson 135 ce, jar nan 'yar ƙarama. An fara ƙera irinta a 1964, tamu kuwa ƙirar Ingila ce. Injin Perkins ne a cikinta mai silinda uku, yana shan gas, wato dizal, ƙarfinsa wajen doki 45. Mu mutanen yankin Funtuwa ne. Dattawa za su tuna a tsakiyar shekarun 1970 aka kawo aikin bunƙasa noma na Funtuwa da tallafin Bankin Duniya, tare da na Gusau da na Gombe. Sai ga shirin ciyar da ƙasa na Obasanjo a 1976, sai na Shagari a 1980. A zamanin nan ne taraktoci suka yawaita a ƙauyukanmu: ga Massey, ga Fiat da ake haɗawa a Kano, ga Steyr da ake haɗawa a Bauchi. Baba bai saye ta sabuwa ba. A hannun wani babban manomi ya saye ta, bayan ya haɗa kuɗin auduga ya sayar da shanun huɗarsa biyu. Da ita aka noma abin da muka ci, da kuɗin hayarta aka biya mana makaranta, a tirelarta aka kai jeren yayata ɗakin miji.

Muddin Baba na raye, taraktar nan ba ta taɓa kwana a daji ba. Yana rasuwa, aka raba gonaki, aka raba gida, aka raba shanu. Da aka zo kanta sai kowa ya ji nauyi, aka ce a bar ta, ta kowa ce. Jama'a, wannan kalmar ita ta kashe ta. Wanda ya ga dama ya ɗauki makulli ya tafi. Yaya ya yi haro, ɗan baffanmu ya ɗebo taki, maƙwabci ya ara ya kai yashi. Kowa zai zuba gas daidai aikinsa, amma bakin mai? Giris? Filta? Kowa yana ganin na wani ne. Ni ma ina ciki, ba zan wanke kaina ba. Rannan aka sayo gas a bakin hanya, ashe da ruwa a ciki, ta mutu a tsakiyar gona. Aka jawo ta aka ajiye gindin darbejiya, wai sai an samu kuɗi. Damina uku ta yi a wurin.

Sai wata rana ga 'yan gwangwan sun zo. Suka zagaya ta, suka ƙwanƙwasa nan, suka ƙwanƙwasa can, suka yi tayi. Lissafinsu na kilo ne, ƙarfe wajen tan ɗaya da rabi. Wallahi kuɗin bai kai na bijimi ɗaya mai kyau ba. Babban yayanmu ya tara mu ya ce, tunda ba ta da amfani, a sallama kawai a huta. Muna shirin cewa to, sai autarmu, wadda ke aure a wani ƙauye can gaba da mu, ta ce, "Yaya, ka yi haƙuri, ina da tambaya. Tun da Baba ya rasu, kunya nawa taraktar nan ta ja a gonata?" Aka yi tsit. Ta ce, "Shekara biyu kuna aiki da ita, ni ina hayar shanu. In dukiya ce, ina da rabo a ciki. In kuma don tunawa da Baba ne, ni ma ubana ne."

Ranar kowa ya sunkuyar da kai. Mun cinye haƙƙin mata huɗu da na mahaifiyarmu ba tare da mun lura ba, muna kiran abin zumunci.

Washegari muka je wurin malamin da ya raba mana gado tun farko. Ya ce abin da ba ya yankuwa, kamar mota ko tarakta, ƙima ake yi masa. A samo waɗanda suka san farashi su faɗi darajarta yadda take a yanzu, sannan kowa ya san rabonsa. Mu maza uku ne, mata huɗu, ga Hajiya, iyayen Baba kuma sun riga shi rasuwa. Sai ya kasa ta kashi 80. Hajiya tana da tumuni, kashi 10. Sauran 70, kowane namiji 14, kowace mace 7. Ya ce hanya uku ce a gabanku: ko ku sayar ku raba kuɗin, ko ɗaya ya biya sauran ta zama tasa, ko ku ci gaba da tarayya, amma da yardar kowa, kuma a rubuta. Wanda ya ce a cire shi, a biya shi nasa, kada a riƙe shi da kunya.

Ɗaya daga cikin yayyena da ke kasuwanci a kudu ya ce shi a ba shi nasa. Ba wanda ya ga laifinsa, muka biya shi a hankali bayan kaka. Sauranmu muka zauna muka rubuta ƙa'ida, kowa ya sa hannu. Makulli a hannun mutum ɗaya, ni aka ɗora wa. Direba ɗaya. Duk wanda aka yi wa aiki zai biya, ko ni ne, sai dai ɗan gida akwai ragi. Kuɗin da ya shigo a fara cire na gas da na direba, sannan a ware na asusun gyara, abin da ya rage a raba bisa kason kowa. Gonar Hajiya ce farko kowace shekara, sauran kuma ƙuri'a. Hausawa suka ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. To mu sai da muka sauke muka lissafa, sannan muka iya gyarawa.

Yawwa, mu zo kan gyaran. Akwai tsohon direban Baba, muna ce masa Kawu, ya tsufa yanzu, amma kunnensa yana jin injin kamar yadda uwa ke jin kukan ɗanta. Ya tarar na aro batir zan ɗaura. Ya ce, "Kai yaro, ajiye. Injin da ya yi damina uku a waje ba a tashinsa da makulli." Ya sa aka gwada juya shi da hannu, ya ƙi motsi ko kaɗan. Ya ɗaga kai ya kalli salansa, bakinta a buɗe yana kallon sama. Ya ce, "Ina gwangwanin Alhaji?" Ashe wani tsohon gwangwanin madara da Baba ke kifawa a bakin salansa kullum da yamma, wanda muke yi wa dariya muna yara, shi ke hana ruwan sama gangarawa cikin injin. Ruwa ya shiga silinda ɗaya, fistin ya yi tsatsa ya kama. Da na sa batir na matsa masa, da na lanƙwasa wani abu a ciki.

Aka cire nozul uku, aka zuba gas haɗe da bakin mai ta ramukan, aka bar shi kwanaki yana jiƙa. Biyu suka saki, ɗayan sai da aka buɗe kan injin. Alherin irin wannan injin shi ne, silindarsa tana da riga a ciki, makanikai na ce mata silif, ana zare ta a sa sabuwa. Muka canza silif da fistin da ringi da gasket. Da muka kwance kusar man giya kuwa, ruwa ne ya fara zubowa garau, sannan mai ya biyo baya fari-fari kamar kunu. A wannan taraktar, mai ɗaya ne giya da ƙafar baya da famfon ɗaga garma suke sha, in ya lalace duka ukun sun shiga uku. Ta ina ruwan ya shiga? Ta robar da ke rufe gindin sandunan giya, rana ta cinye ta ta tsage. Roba ce da ba ta kai kuɗin kaza ba. Don Allah duk mai irin wannan taraktar, in ka gama sauraren nan ka je ka duba taka.

Muka sauke tanki aka wanke, aka canza filtar gas, aka fitar da iska daga layin mai: ka sassauta 'yar kusar da ke kan filta, ka yi ta danna ɗan famfon hannu har kumfa ta ƙare gas ya fito tsantsa, ka ɗaure, ka koma kan babban famfo ka yi haka, sannan bututun nozul. Shi babban famfon kuwa, ban da taɓa shi a gindin bishiya. A kai wa masu injin gwada shi.

Maganar kayan gyara, kada wani ya tsorata ku cewa babu. Akwai a Ƙofar Ruwa a Kano, akwai a Panteka a Kaduna, sabo da na kwance. Har yau kamfanin Millat a Lahore ta Pakistan yana ƙera Massey 240, wadda injinta dangin na tamu ne, shi ya sa kayan injin ba su yanke ba. Amma ba komai ne ke shiga ba. Ka kwafi lambar jikin taraktar da lambar injin, kuma ka tafi kasuwa da tsohon abin a hannunka, ka ɗora shi kusa da sabon ka gani da idonka. A filta da ringi kam kada a bi araha, araha ba ta ado.

Muna cikin aikin ne na buɗe akwatin sifanu, sai ga wani littafi a naɗe cikin leda. Rubutun Baba ne, wani wuri ajami, wani wuri boko. Rana kaza, agogo ya nuna awa kaza, an canza bakin mai. Rana kaza, an yi wa wane haro, ya biya, saura kaza. Har bashin da ya yafe yana ciki. Na zauna a ƙasa na daɗe ina kallon littafin nan. Abin da muka ɗauka ƙarfin tarakta ne, ashe kulawar mutum ɗaya ce, kullum, shekara da shekaru. Daga littafin nan da bakin Kawu na haɗa abin da nake bi yanzu. Abu biyar ne kowace safiya, kafin a taɓa makulli.

Na farko, bakin mai. Tarakta tana tsaye a wuri mai daidai, ka zare sandar awo, ka goge, ka mayar, ka sake zarowa. Ka duba yawansa, ka duba launinsa. In ya yi fari-fari, ruwa ya shiga, kada ka tayar. A littafin Baba duk awa 200 yake canzawa tare da filta, kuma ko awannin ba su cika ba sai ya canza kafin damina. Yana juye tsohon ne injin na da ɗumi, don dattin ya biyo shi.

Na biyu, iska. Tamu matatar iskarta mai kwano ce, wadda ake zuba bakin mai a ƙasanta yana kama ƙura. Lokacin haron farko, ƙasa a bushe, kullum sai an sauke kwanon nan an kwashe laka an zuba sabon mai daidai layi. Ƙura in ta wuce ciki, ringi take ci kamar ana goga shi da yashi.

Na uku, ruwa. Ka duba lagireto injin na sanyi, ban da buɗe murfin yana zafi, mutane da yawa sun ƙone fuska a nan. Ka share ƙaiƙayi da ciyawar da suka toshe gabansa. Baba ruwan sama yake tarawa don ita, saboda ruwan wasu rijiyoyin yana barin farin dutse a ciki kamar yadda yake yi wa butar shayi. Yanzu muna haɗawa da ruwan lagireto na kanti mai hana tsatsa. Ka danna fanbel da babban yatsa, ya ɗan lotsa kaɗan, kada ya yi sako-sako, kada kuma ya yi tauri kamar tsirkiya.

Na huɗu, gas. Mu yanzu a duro muke saye, mu bar shi ya kwana biyu ya kwanta, mu ɗebo na sama. Da yamma ake cika tanki bayan an tashi aiki, don tankin da ba komai yana yin gumi da dare, gumin nan ruwa ne. Ka leƙa 'yar kwalbar da ke ƙasan filta, in ka ga ruwa ya kwanta ka zubar. Kada kuma a bari gas ya ƙare ƙaf, iska za ta shiga layi, ka ɓata rabin yini.

Na biyar, giris da kusoshi. Gatarin gaba, sitiyari, ƙafafun birki da kuloci, duk inda ka ga kan giris ka goge shi ka ba shi. Ka zagaya da sifana ka taɓa notin taya.

In ta tashi, ka ba ta 'yan mintoci ta yi ɗumi, ka kalli hayaƙi. Baƙi, ko iska ta toshe, ko nozul, ko an ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta. Shuɗi, tana ƙona bakin mai. Fari da ya ƙi ɗaukewa bayan ta yi zafi, a bincika, ko gas ne ba ya ƙonewa ko ruwa ke shiga. Direba kuma ya sauke ƙafarsa daga kan kuloci in ba giya zai canza ba.

Bayan kaka ba a yar da ita. A wanke ta, a shigar da ita rumfa, a sauke garma ƙasa, a shafa tsohon mai a faifan garma, a cire kan batir, a kifa gwangwani. Duk mako biyu a tayar da ita ta yi zafi sosai, a ɗan zagaya da ita. A duba ɓeraye, suna cin waya, a duba zanzaro, yana gina ɗakinsa a duk ramin da ya samu.

Sai abin da ya fi duka, rai. Tsofaffin taraktocin nan ba su da ƙarfen kariya a saman direba. In za ka ja wani abu, ka ɗaura a majanyin ƙasa, kada ka ɗaura sama da gatarin baya, don gabanta na iya tashi ta kife a kanka kafin ka ce kwabo. Sandar baya da ke juya injin casa tana yin zagaye 540 a minti ɗaya, wato sau 9 a daƙiƙa. Babbar riga, rawani, gyale, kada su kusance ta. Birkinta biyu ne, na hagu da na dama, in za a hau titi a haɗa su da sakata. Ba a tayar da ita daga ƙasa, sai kana kan kujera, giya a sake. Yara kuma, don girman Allah, a daina ɗora su a kan murfin taya. Rami ɗaya ya isa.

Ba zan ɓoye muku ba, shekarar farko ba mu raba ko sisi ba, duk asusun gyara ya cinye. Kuma ba kowace tarakta ce za ta tashi ba. In jikin injin ya tsage, ko gidan babu mutum ɗaya da zai tsaya mata, to ku sayar, ku raba, kowa ya ci halalinsa. Babu laifi a ciki. Amma ku fara neman manomi ko makaniken da zai raya ta kafin ku kira mai sikeli.

Ranar da tamu ta tashi, da hantsi ne. Ta yi tari sau biyu, ta fesa hayaƙi, sai ta kama wannan ƙarar tata ta silinda uku da duk ɗan gidanmu ya sani tun yana goye. Hajiya tana cikin gida, ta fito har zaure ba ko takalmi, ta tsaya ta dafa bango. Ba ta ce komai ba sai "Allah Ya jiƙan Alhaji." Da ruwa ya sauka aka ce a fara da gonarta yadda aka rubuta, ta ce a'a, ta ba auta layinta na bana. Kawu da kansa ya hau, ya tuƙa ta har ƙauyen, ya ja kunyar farko, sannan ya sauko ya miƙa wa direba.

Littafin Baba yana nan, na ci gaba da rubutu daga shafin da ya tsaya. Gwangwanin dai sabo ne, na tumatir.

To jama'a, a nan za mu dakata. Wanda ke da irin wannan gadon a gida, tarakta ce, injin niƙa ne, injin ban ruwa ne, ya faɗa mana: wa ke riƙe da makulli, kuma 'yan'uwa mata sun san rabonsu? Makanikai da tsofaffin direbobi, in na yi kuskure a wani wuri ku gyara mini, ɗalibi nake. A tura wa 'yan'uwa su ma su amfana.

Allah Ya jiƙan iyayenmu, Ya ba mu ikon riƙe amanar da suka bari, Ya raba mu da cin haƙƙin juna. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.